Man Keke

Inna ta ture takardar amincewar ta koma gaban likita.

"Ba zan dangwala ba. Da yatsu goma na kawo muku ɗana."

Ɗan nata tela ne, yau kwanansa shida a gadon asibiti. Zazzaɓi ya kawo shi. Yanzu yatsu biyu na hannun damansa sun yi baƙi ƙirin, ana jiran yardarta a yanke. Duk inda aka soka masa allura kuwa, jini ke tsattsafowa, har ta hanci ma yana zuba.

"Kai da ka yi boko, gaya mini. Jini ɗaya, a yatsa ya daskare, a hanci ya ƙi tsayawa? Jinin wani kuka ɗura masa. Wallahi sai na kai ƙara, ko da rarrafe ne."

Likita ya ajiye biro. "Inna, mece ce sana'arki?"

"Madara nake dafawa. Ita ma yankewa za ku yi?"

"In tsami ya faɗa tukunyar fa?"

"Ta tsinke mana. Gudaji gefe, ruwa gefe."

"To, haka jininsa ya yi. Ƙwayar cuta ta shiga, ta zuba dafi. Dafin ya ruɗa sinadaran da ke daskarar da jini, suka yi ta ƙulla gudaji a ƙananan jijiyoyi har suka toshe hanyar yatsun. Da sinadaran suka ƙare, sauran jinin ya koma ruwa, ba abin da zai tsayar da shi. In muka bar yatsun, ruɓar za ta hau hannu."

"Ta ina cutar ta shiga? Ɗana ba ƙazami ba ne."

"Akwai huda a ƙarƙashin farcensa. Da muka buɗe, mai muka tarar a ciki, da zare-zaren ƙyalle."



Ranar da allurar keke ta huda shi, tana shagon, ta kai masa abinci. Ya ce bari ya je a wanke masa. Ta ce raki ke nan. Ubansa shekara arba'in yana ɗinki, man keke kawai yake ɗigawa. Ita ta ɗiga man. Ita ta tsinci ƙyallen a ƙasa, ta ɗaure tam, har tana masa tsiya.

"Ofishin ƙorafi yana ƙarshen baranda," in ji likita. "Haƙƙinki ne, Inna."

"Na tambaye ka hanya?" Ta jawo takardar. "Babban yatsan fa?"

"Muna sa ran zai tsira."

"To, zai riƙe almakashi. Miƙo tawadar."

Ta danna yatsa da ƙarfi har takardar ta motsa. Wata nas ta miƙo mata auduga ta goge. Inna ta dubi yatsan nata, baƙi ƙirin, ta dunƙule shi cikin tafin hannu.

"Bar shi," ta ce. Ta nufi ɗakin da ɗanta yake kwance.