Ina Raihanatu?

"Ina Raihanatu?" in ji Goggo A'i, muryarta can ƙasa.

Ina durƙushe bakin gadonta da kofin kunun da ta ƙi sha tun jiya. Maƙwabciyata ce a nan Konni, katanga ɗaya ta raba mu, ta kuma tsufa tukuf. Duk wanda ya dube ta ranar ya san tafiya ta zo. Ni kuwa da na haifi Raihanatu, wallahi ban san inda take ba.

Ɗiyar nan tawa ta ci ƙafar kare! Shekararta goma sha ɗaya, amma ta fi ni jama'a. Daga an tashi karatu a lakwal sai gidan suna, sai rakiyar wance, sai wurin mai awara. Ban taɓa damuwa ba, don Goggo ƙofar gida take yini, ita ke gaya mini inda ta nufa. Yau ga shi ita ke tambayata.

"Goggo, ban sani ba," na ce, kunya ta rufe ni.

Ta yi ɗan murmushi. "Ke dai Balaraba! Ba jibi ne bukin yayar ƙawarta Rumaisa ba? Suna can suna tsifar kai. Tahi maza, ba ni daɗewa."

Na tari kabu-kabu, ina roƙon Allah Ya sa mu iske ta da rai. Can kuwa na same su ƙarƙashin rumfa. Na ce Goggo na nemanta. Ban rufe baki ba Raihanatu ta zabura, ba ko ɗankwali, rabin kai a tsefe. Ƙawayen suka biyo mu da gudu.

Suka cika ɗakin maƙil. Goggo ta bi su da kallo, tana faɗin sunan uwar kowacce. Raina ya yi sanyi, mun iske ta.

"Zo nan, sarkin yawo," ta ce wa Raihanatu. "Haka za ki buki, kai kamar sheƙar tsuntsu?"

Yaran suka yi dariya. Raihanatu ta zauna ƙasa, ta jingina ƙeya da gado. Yatsun Goggo suka shiga gashin, suka tsaga, suka soma kitso sannu-sannu. Ɗanta Malami na maimaita mata kalmar shahada, leɓunanta na bin sa. Yatsun suka rage sauri, suka tsaya.

"Innalillahi," in ji Malami a hankali.

Raihanatu ba ta waiwaya ba. Ta tsai da kanta daidai yadda ake yi wa mai kitso, hawaye na ɗiga bisa gwiwarta, gashinta na nan tsakanin yatsun Goggo.