Taku Dubu Tara

Mijinta ne ya fara ganin gyambon. Ita ba ta da yadda za ta ji shi, domin tun hatsarin motar da ya taɓa mata laka shekara goma sha ɗaya da suka wuce, daga ƙugunta zuwa ƙasa ko allura aka soka mata sai dai a ba ta labari. Kowace safiya kafin ya tafi garejinsa yakan juya ta, ya duba bayanta da cinyoyinta, ya ce lafiya lau. Ran Litinin ɗin nan kuwa sai ya ɗauko madubi ya kara mata. Daidai inda take zama fata ta buɗe, faɗin murfin kwalba, gefen ya yi ja.

A filin wasa Guguwa ake kiranta, don in ta duƙa a kan keken guragu na tsere ta fara dukan taya, sai dai a hangi bayanta. Ranar Asabar za a yi tseren zaɓen mata biyu da za su tafi babbar gasa a ƙasar waje. Shekararta talatin da huɗu, ta san ba za a sake ɗaga mata wannan tutar ba.

Tun bara Likitar ƙungiyar ta sa wa kowane ɗan wasa manhaja a waya. Da safe sai ta jero tambayoyi: an yi barci, akwai ciwo, akwai zazzaɓi, akwai rauni a fata? Mutum ya danna kore ko ja. Ga kuma agogon hannu da ke auna bugun zuciya da zafin jiki, yana aika wa kwamfutar Likita. Wanda ya danna ja, babu shi babu atisaye sai an duba shi. Guguwa ta daɗe tana kallon tambayar rauni, mijin na tsaye a kanta da madubi a hannu. Ta danna kore.

Ya ce mata wannan ba dabara ba ce. Ta ce kwana biyar ne kawai, in an gama tsere da kanta za ta kai kanta asibiti. Ya wanke wurin, ya rufe da auduga, ya fita ko karyawa bai yi ba.

Talata ma kore ta danna, ta yi zagaye ashirin, Koci mai horar da su yana ta murna da lokacin da ta buga. Da asubar Laraba ta farka da sanyi a ƙashi, baki ya yi ɗaci. Waya ana iya yi mata ƙarya, amma agogo ba ya jin lallashi. Ta kwance shi ta miƙa wa mijin.

"Maigida, ɗaura min shi yau da gobe. Kai jikinka lafiya ƙalau yake."

"Ki ce in taya ki haƙa ramin da za ki faɗa."

"Tunda nake da kai na taɓa roƙonka irin wannan?"

Ba ta taɓa ba. Ya tsaya yana juya agogon, sannan ya ɗaura, ya ja hannun riga ya rufe. Ita kuwa ta haɗiyi ƙwayar zazzaɓi biyu, ta sa riga mai dogon hannu, ta tafi fili.

Ran Alhamis tana zagaye na shida ta hango Likita a bakin layi, ta rungume kwamfuta, ba ta murmushi. Likita ba ta saba zuwa fili ran Alhamis ba. Ta yi wa Koci magana a kunne, Koci ya busa usur. Guguwa ta yi kamar ba ta ji ba, ta ƙara zagaye ɗaya, gumi mai sanyi na bin wuyanta. Ya sake busawa.

A ɗakin duba marasa lafiya Likita ta rufe ƙofa, ta juyo mata da allon kwamfutar. Layuka ne masu hawa da sauka, zafin jiki daidai, bugun zuciya daidai. Guguwa ta fara sakin numfashi. Sai Likita ta ɗora yatsa a kan wata lamba a ƙasa.

"Ƙanwata, ina taya ki murna. Jiya kin yi taku dubu tara da ƙafarki."

Guguwa ta rasa inda za ta sa idonta. Ta ce wataƙila agogon ne ya lalace. Likita ta ce to ta miƙo hannu a gani. Hannun babu komai sai shatin inda agogo yake zama, kuma da Likita ta taɓa shi sai ta ji kamar ta dafa murfin tukunya. Ma'aunin zafi ya nuna talatin da tara da ɗoriya.

Koci ya shigo ba sallama, ya ce a bar ta zuwa Asabar, minti biyu ne tseren gaba ɗaya, kuma ba shi da wata kamarta. Likita ta ce ya jira a waje. Ta taimaka wa Guguwa ta kwanta a gadon dubawa, ta ɗaga audugar. Warin ya riga maganar fitowa. Bakin gyambon bai ƙaru sosai ba, amma ya ci ciki, yana tsatsar mugunya. Likita ta yi bayani ba tare da ɗaga murya ba: irin wannan daga ƙasa yake ruɓewa, in ya kai ƙashi ana maganar watanni a kwance, in ya shiga jini kuma ba maganar tsere ake ba.

Guguwa ta roƙe ta. Ta ce za ta sa hannu a kowace takarda cewa ita ta ɗauki alhakin kanta. Likita ta zauna a gefen gadon ta ce ba ta da takardar da za ta ba ta. Daga nan ta buga waya asibiti a tanadi gado.

Da la'asar mijin ya iso ɗakin jinya da kayan aiki a jikinsa, agogon na nan a hannunsa. An kwantar da ita rub da ciki, ana ƙara mata ruwa. Ba ta juyo ba ta tambaye shi yadda mutumin da ke yini a ƙarƙashin mota ya yi taku dubu tara. Ya ce kasuwar kayan gyara ya je. Ta ce ina babur ɗinsa. Ya ce yana nan lafiyarsa lau, shi ne dai ya ga dama ya taka, sau biyu, zuwa da dawowa.

Kwana tara ba ta yi masa magana ba. Yana zuwa safe da yamma, ya gyara mata filo, ya zauna, ya tashi. Ran Asabar wata yarinya da Guguwa ta koya wa riƙon taya ta zo ta biyu, aka zaɓe ta. Guguwa ta ga hoton a waya, ta kife wayar, ta ja mayafi ta rufe kai. Sai daga baya ta aika wa yarinyar saƙon barka, kalma uku.

An yi mata aiki, likitan fiɗa ya ce saura ƙiris gyambon ya taɓa ƙashi. Sati bakwai ta yi kafin a yarda ta zauna, wata uku kafin ta koma fili. Hannuwanta sun saki, numfashi ba ya kai ta. Zagayen farko da Koci ya auna, ya dubi agogon tsere yana neman yadda zai faɗa.

"Faɗi kawai, Koci," in ji ta.

Ya faɗa. Ta girgiza kai, ta gyara safar hannunta, ta tura keken ta koma bakin layi.