Gilashi a Kan Tsagar Bango

Garinmu Bytom a kan rami yake zaune. Kakanninmu sun haƙi azurfa da darma, iyayenmu sun haƙi kwal, mu kuma muka gaji ƙasa mai nutsewa. A unguwarmu ba a cika faranti da miya, don ta gefe guda take malalewa.

Yayata Truda da mijinta Achim sun shekara talatin a hawa na biyu na wani gidan jan bulo mai iyali tara. Achim tsohon mahaƙin kwal ne, yana kuma taɓa kafinta. Duk lokacin da daɓen ya ƙara karkata, sai ya rage ƙafafun teburinsu na ɓangare ɗaya don ya daidaita.

Da bangon matattakala ya tsage, hukumar gari ta turo injiniya, wata mata mai suna Halina. Ta liƙa siririn gilashi a kan tsagar, ta ce in ya fashe, ginin yana motsi ke nan, kowa zai tashi. Duk Litinin take zuwa dubawa. Wata huɗu gilashi lafiya ƙalau.

Ni hankalina bai kwanta ba. Ban yi boko mai zurfi ba, amma ina da ido. Tsagar da a da farce ba ya shiga, yanzu ɗan yatsana yana shigewa.

Wata Asabar da safe na kai wa Truda burodi, sai na tarar da Achim tsugune a matattakala, yana kankare fasasshen gilashi, ga sabo a gefensa ya yanka daidai.

"Achim, me kake yi?"

Ko razana bai yi ba. "A'a, Fada Norbert ya iso. Wa'azi ka kawo ko dankali ka zo ci?" Fada laƙabin tsokana ne da ya sa min, wai na cika wa'azi kamar limamin coci.

"Na nawa ne wannan?"

"Na shida. Har gilashin hoton aurenmu ya tafi, yayarka ta fi kyau babu shi."

"Akwai jariri a hawa na uku."

"Kai, rufe min baki. Ni na haƙa ƙarƙashin unguwar nan shekara ashirin da biyar, kai kana sayar da tikitin taragun cikin gari. Na san ƙasar nan. Gyara kwanciya take yi, za ta tsaya."

"In ba ta tsaya ba fa?"

Truda ta leƙo daga ƙofa, hannunta duk gari. Ashe ta sani. "Norbert, ni na goya ka. A ɗakin nan Mama ta cika. Can bayan gari za su watsa mu, cikin akwatin siminti, inda ko gaisuwa ba a yi. Ka ga abin da ka gani, ka haɗiye."

Ban iya zama ba. Na bi layin taragu da ƙafa har dandalin tsakiyar gari, na zaga, na dawo ta gindin hasumiyar tsohuwar mahaƙar kwal, na sake komawa. Lahadi na shiga coci na fito ba a gama ba. Ko'ina na duba sai na ga bangon da aka ɗaure da ƙarfe don kada ya faɗi. Mutanenmu suna kiran irin abin da Achim ya yi taurin rai, har suna alfahari da shi. Ni ƙarya na kira shi. Mutum yana da ikon yin caca da ransa, amma ba da ran ɗan maƙwabci ba.

Litinin na tsaya a bakin ƙofa na jira Halina. Na faɗa mata komai, Achim yana tsaye yana ji. Cikin kwana uku aka kwashe iyali tara.

Ginin bai faɗi ba. Ya ƙara wata bakwai a tsaye, babu kowa ciki, kafin motar rusau ta zo. Duk tsawon lokacin Truda ba ta amsa gaisuwata ba.

Bayan rusau da mako biyu ta aiko in zo cin abincin Lahadi. Hawa na takwas aka ba su a wani sabon gini can bayan gari, daɓe a miƙe sumul. Tsohon teburin yana tsakar ɗaki da gajerun ƙafafunsa, yanzu shi ne a karkace.

Achim ya nuna min kujerar ɓangaren gangare. "Nan ne wurinka, Fada. Wata bakwai yana tsaye, ka ƙirga?"

"Na ƙirga. Gobe ma aka sake, zan faɗa."

"Na sani. Shi ya sa ba zan gyara teburin ba."

Truda ta zo da tukunya. Ta zuba wa mijinta rabin faranti yadda ta saba, ni kuma ta cika nawa har baki. Miyar ta gangaro ta zubo min a cinya, da zafinta. Ban matsa ba, na ɗauki cokali. Ta daɗe tana kallona, sannan ta jefo min tsumma.

"Goge, ka ci. Ka rame."