Makeron Sifana

"Ko karen ya bar gidan nan, ko ku bar shi tare!" Mai gidan hayarmu ke nan, yana nuna Baba Makanike da sanda.

Baba, tsohon da ɗakinsa ke jikin nawa, ya rungume Sifana, karen da ya yi masa gadin gareji har ƙarfinsa ya ƙare. Gashin karen ya zube wuri-wuri, da'ira-da'ira kamar an ɗora bakin kofi, tsakiya na ɓarewa, gefe ja. Da farko baƙin mai Baba ya shafa masa, wai abin da ya gyara inji ba ya kasa fata. Ina! Sai ƙuna. Ga shi da'irar ta fito a wuyan ɗiyar mai gida.

Likitan dabbobi ya ce makero ne, yana warkewa: wanka da sabulun magani, a shafa man shafawa, a riƙa wanke shimfiɗa, a killace kare har gashi ya fito. Mai gida ya yarda da sharaɗi: "Ya leƙo tsakar gida ko ya yi mini kuka, shi ke nan."

To Sifana kuwa, da an rufe shi shi kaɗai sai kuka. Sai Baba ya shige ɗakin tare da shi ya ja ƙofa.

Ɗakin nan taga ɗaya gare shi, rufin kwano, ga Baba da ciwon ƙirji. Ta tagar nake miƙa masa abinci, warin magani na dukan hancina.

"Haba Baba, fito ka sha iska mana! Kai da kare, wa ke jinyar wa?"

"'Yar nan, in na fito zai yi kuka." Ya yi tari, ya ɗago ƙafar karen. "Duba, jan ya ragu ko?"

A hannunsa na ga da'ira. Na ce ya shafa maganin shi ma.

"Ba zai ishe mu biyu ba. Ni wa zai kore ni don makero?"

Wallahi haushinsa na ji, na kuma ji tausayinsa.

Wata rana da hantsi na ƙwanƙwasa tagar, shiru. Sai Sifana ya saki kukan da ya daɗe yana haɗiyewa. Da muka buɗe ƙofar, Baba ya riga ya cika.

Da aka dawo daga jana'iza, mai gida ya tsaya bakin tagar ɗakin, ya daɗe yana kallon karen. Cikin da'irorin, sabon gashi ya tsiro, laushi-laushi.

"Ya warke," ya ce a hankali. "A bar shi ya fito."

Na wangale ƙofar, na kira shi. Sifana ya zo har bakin dokin ƙofa, ya shinshina iska, ya koma ya kwanta kan tabarmar Baba.