Noti Huɗu na Gwadabe

Shekara talatin da ɗaya Gwadabe yana sassaƙa ƙarfe a Sharada, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Shi ya sa da Rukayya, 'yar ƙanwarsa mai koyarwa a jami'a, ta kawo masa zanen wani ɗan akwati kamar gidan ashana, ko kallo biyu bai yi masa ba.

Ta zauna ta yi masa bayani. Shekara biyu tana jiran layi kafin a ba ta kwana uku kacal a wani ɗakin bincike a Jamus. Akwai wani abu wai shi girafin, ɗan'uwan bakin fensir ne, sai dai an fere shi har ido ba ya ganin kaurinsa. Za a kwantar da shi a akwatin nan, a zura cikin wani ƙaton mayen ƙarfe, a haska shi da wani haske wai terahaz ta kan tsinin allura, a ɗauki hoton yadda lantarki ke bi ta cikinsa lungu-lungu.

"Kawu, tagulla zalla, har notin. Kada baƙin ƙarfe ya shiga ko kamar ƙwayar gero."

"Na ji, Dakta."

Ya ji ɗin. Amma notin tagulla a wurinsa kayan wasa ne, ɗauri uku zaren da ke cikinsa ya cinye. Abin da za a kai ƙasar Turawa a ce aikin Gwadabe ne? Ya ɗaura na baƙin ƙarfe guda huɗu, ya shafe kawunansu da ruwan tagulla don kada ta yi mita.

Ranar tafiya Rukayya ta zo da hantsi, jirginta ƙarfe biyar. Ta juya akwatin, ta yaba. Sai ta zaro mayen ƙarfen tsohuwar sifika daga jaka ta kara masa. Ƙwas! Ya manne.

"Kawu, me kuka sa?"

"Abin da zai yi ƙarko."

"Mayen ƙarfen wurinsu ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba! Notin nan za su karkatar da komai, hoton ya fito ƙarya. Ba za ma su yarda in zura shi ba."

"To su Turawan ba su da noti ne?"

"Kafin a yanka mini wasu kwana ukun sun ƙare. Sai kuma wata shekara biyu, in an sake ba ni."

Gwadabe ya yi tsaki, shi kansa bai san da wa yake ba. Ya fita ya kwance kan famfon alwalarsa, ruwa na tsiri, ya dire mata a kan benci.

"Ga tagulla. Yanzu zan yanka miki."

Ta kara. Ƙwas!

"Kai! Fenti ne ashe? 'Yan banza, shekara shida ina alwala da ƙarya!"

Ya fizge mayen ƙarfen ya bi shagon da shi. Kwaɗon ƙofa ya kama. Mariƙin durowa ya kama. Har 'yar lambar yabon da ƙungiyarsu ta ba shi ta kama. Sai a bayan tukunyar gas ya samu sandunan walda na tagulla, ya kara, abin ya sulale ƙasa.

Bai ci abincin rana ba. Ya yanka sababbin noti, ya fitar da zare da hannu. Na uku ya cinye tun a ɗaurin farko.

"Kin gani ko? Abin da nake faɗa ke nan!"

"Na gani, Kawu. Ku sake."

Ya sake, yana gunaguni. Ana kiran la'asar ya wanke akwatin da fetur don kada garin ƙarfe ya maƙale, ya miƙa mata. Ta bi kowane gefe da mayen ƙarfen, sau biyu. Shiru.

"Allah ya saka, Kawu."

"In zaren ya cinye a can, kada ki ambaci sunana."

Ta naɗe akwatin a gyale, ta faɗa adaidaita sahu, mai shi ya kurɗa tsakanin tireloli biyu. Ta manta mayen ƙarfenta a kan benci, tsofaffin notin huɗu manne a jikinsa, aikin farko da aka dawo wa Gwadabe da shi. Ya ɓamɓaro ɗaya ya duba zarensa a rana.

"Noti lafiyayye," in ji shi, ya wurga shi gwangwanin ajiyarsa.