Gaisuwar Gwaggo a Rediyon Unguwa

Sai da takalmin Zaƙin Murya, mai gabatar da shiri, ya kusa cinyewa da zarya kafin kansila ya yarda ya zo shirinsa na wayar da kan masu zaɓe. Manajan rediyon unguwa kuwa ya riga ya ja masa kunne: in yau ma masu sauraro ba su yi tambayar kirki ba, za a soke shirin a sa kiɗa.

Ɗakin watsa shirin ɗan tsukuku ne, bango manne da kwalayen ƙwai, fanka a kashe don kada ƙararta ta shiga makirufo. Kansila ya cika kujera da babbar riga yana ƙamshin turare.

"Jama'a, ku kuka zaɓe shi," in ji Zaƙin Murya. "Ga shi nan, ku tambaye shi."

Wani tela ne ya fara bugowa. Ya gaida kansila, ya gaida abokan ɗinkinsa, yana cikin gaida surukansa katinsa ya ƙare. Na biyu waƙa ya roƙa. Mutanenmu ke nan, ka ba su dama a rediyo sai su gaida har jaririn da ba a raɗa wa suna ba. Kansila sai murmushi yake yana duban agogo, Zaƙin Murya kuwa yana satar kallon manaja ta gilashi.

Da ya ji sallamar mai kira na ƙarshe sai ya dafe kai. Gwaggonsa ce, wadda in ta fara gaisuwa sai abinci ya huce.

"Gwaggo, don Allah tambaya ake yi."

"Rufe min baki, ni ban iya tambayar manya ba. Ranka ya daɗe, ina wuni? Ina gaida maƙwabciyata da ta faɗa kwatar bakin kasuwa, Allah ya sa ɗorin ya kama. Ina gaida mai gyaran famfonmu duk inda yake, rabonmu da shi tun zaɓe. Jikokina da ke karatu a ajin da ba rufi, sannunku da shan rana."

Kansila ya tuɓe hula yana fifita da ita. "Hajiya, wace kwata ce wannan?"

"Wadda direbanka yake kauce wa kullum. Ina kuma gaida matan layinmu, ku adana katin zaɓenku da kyau, kada ɓera ya ci."

Ta cikin gilashi manaja yana ta juya hannu, alamar an ƙara lokaci. Zaƙin Murya ya gyara zama, daɗi ya cika shi.

"Gwaggo, akwai sauran waɗanda ba ki gaida ba?"

"Ɗan nan, ai yanzu na fara."