Harsashin Da Ba a Duba Ba

Lonnie Pruitt bai ɗora maganaɗisu a kan harsasan Yallaɓai Vern ba. Abin da ya faru ke nan, sauran duk surutu ne.

Dokar gidan harbin a rubuce take a jikin ƙofa da manyan baƙaƙe. Duk wanda ya zo da harsashinsa daga gida, sai mai kula da ɗakin harbi ya goga masa maganaɗisu. In ya kama, akwai ƙarfe a ciki, ba a shiga da shi. Harsashin darma in ya bugi bangon ƙarshen ɗaki bajewa yake yi ya faɗi. Mai ƙarfe kuwa fashewa yake, ɓarɓashinsa ya dawo kan mutane. Shekara goma sha ɗaya Lonnie yana wannan aiki. Ya taɓa mayar da soja daga bakin ƙofa, ya mayar da fasto. Amma Vern Dockery tsohon ɗan sanda ne, kuma uban matar mai wurin. Duk Asabar zai dire kwalin donot, irin fanken nan mai zaƙi, a kan kanta ya wuce ciki abinsa. Ba wanda ya taɓa buɗe jakarsa.

Ƙarfe goma da kwata na safe aka kurma ihu a layin harbi na shida.

"A tsaya! Kowa ya ajiye bindiga!" Lonnie ya daka tsawa yana gudu.

Marisol Tejeda ce, wata mai kula da tsofaffi a gidan jinya, zuwanta na biyu ke nan. Tana durƙushe, hannunta a fuska, jini yana bi ta tsakanin yatsunta. Tabaran kariyarta yana kan goshinta. Lonnie ya danne wurin da auduga, ya riƙe ta har motar asibiti ta iso. Ba ta daina tambayarsa ba, "Me na yi ba daidai ba? Malam, me na yi?"

Da aka tafi da ita, ya shiga layi na bakwai inda Vern yake tattara kayansa. Ya ciro maganaɗisun daga aljihu ya taɓa harsashi ɗaya. Ya kama gam.

"Na ƙanena ne, marigayi," in ji Vern. "A gareji na tsince su. Harsashi ai harsashi ne."

Lonnie ya mayar da maganaɗisun aljihu. Ya san in ya buɗe baki a lokacin, sai an kira motar asibiti ta biyu.

A ofis, Curtis Haskell, mai wurin, ya turo masa takardar rahoton hatsari da biro. Vern ya biyo su ya zauna a kujerar kusurwa, ya ɗora hularsa a gwiwa.

"Rubuta abin da ka gani," in ji Curtis. "Ta cire tabarau. Kyamara ma ta ɗauka."

"Ɗaga shi ta yi ta goge gumi, Oga. Daƙiƙa biyu."

"To? Doka ta ce kar a cire. Ta cire. Sa hannu mu buɗe wuri, mutane suna jira a waje."

"Ƙarfen da ya shiga idonta kuma daga sama ya faɗo?"

Vern ya gyara murya. "Kai yaro, ka iya bakinka. Ina harbi tun ba a haife ka ba."

"Shi ya sa ban duba ka ba, Yallaɓai. Ashe shekarun ba su koya maka komai ba sai cin donot."

"Lonnie!" Curtis ya buga tebur. "Tsohon nan shekararsa saba'in da takwas. So kake a ja shi kotu? Ni kuma in koma gida in ce wa matata me?"

"Ka ce mata ubanta ya fasa wa mace ido. Ai tana jin magana."

Curtis ya dube shi. Sai ya juyo da takardar, ya ɗora yatsa a kan layi na huɗu. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Karanta nan, sarkin gaskiya. 'Wa ya duba harsasan masu harbi?' Sunan wa za ka sa? Ba nawa ba ne, ina ofis. Kafin ka rubuta Vern, sai ka rubuta Lonnie Pruitt. Takardar nan kamfanin inshora za ta je, daga can ta wuce ƙungiyar da ta ba ka shaidar aikin nan. Shekararka hamsin da huɗu, gwiwarka ɗaya ta mutu. Wa zai ɗauke ka? Ka yi mata adalci, ka kashe kanka. Bismilla."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona wa Lonnie rai ke nan. Ya dubi layin. Kalma biyu ce kawai, "An duba," sai a wuce wurin. Matar za ta zama wadda ta karya doka, babu wanda zai ɗauki nauyin jinyarta, ita kuma ta zauna tana ganin laifin kanta.

Ya ja kujera ya zauna. Rubutu ba sana'arsa ba ce, yakan danne biro har ya huda takarda. Ya ɗauki kusan rabin awa. Ya rubuta cewa ta ɗaga tabarau, don ta ɗaga. Ya rubuta layin harbi na bakwai da sunan mai shi da irin harsashin. A layi na huɗu ya rubuta: "Ni ne. Ban duba na Vern Dockery ba. Ban taɓa dubawa ba, kuma mai wurin ya sani."

Curtis ya karanta ta bayan kafaɗarsa. "Kai jaki ne, wallahi. Ka ɗauka wannan za ta fita daga ofishin nan?"

Lonnie ya ciro wayarsa ya ɗauki hoton takardar, gaba da baya.

"Ajiye min makullai," in ji Curtis.

Ya cire su daga ɗamararsa ya wurga a kan tebur, ya fita ta gaban mutanen da ke layi da jakunkunansu.

A asibitin gundumar ya tarar da mijin Marisol, Efraín, a bakin ɗakin tiyata, da kayan aikin fenti a jikinsa. Lonnie ya faɗi sunansa ya miƙa masa wayar. Mutumin ya karanta a hankali, ya sake karantawa.

"Wane ne wannan da bai duba ba?"

"Ni ne."

Efraín ya miƙe ya shaƙe masa wuyan riga, ya haɗa shi da bango. Lonnie bai ɗaga hannu ba.

"Ka zo in ce na gode ne? Shi ya kawo ka?"

"Na zo in tura maka hoton ne. Ka ba lauya, kar ka ba kowa a gidan harbin. Kuma in ta farka ka gaya mata ba ita ta yi ba daidai ba. Ta tambaye ni."

Efraín ya sake shi. Ya karanto lambarsa yana haki, Lonnie ya tura. Sannan ya juya ya fita.

Sati uku bayan nan ƙungiyar ta karɓe shaidar Lonnie, da hujjar rubutun hannunsa. Yanzu yana tura kekunan kaya a filin ajiye motoci na wani babban kanti, yana jan ƙafa. An hana Vern shiga gidan harbin na wata ɗaya. Marisol kuwa likitoci sun yi mata aiki sau biyu, a na uku suka cire idon hagun.